Shara ta cika fom ɗin tuntuɓa na shafinka? Ga yadda za ka tare ta ba tare da ka kori mai saye ba

Wani Alhaji mai fataucin citta da riɗi, wanda ofishinsa ke Kakuri a nan Kaduna, ya aiko da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Shafin kamfanina da WordPress aka gina shi, akwai fom ɗin da masu saye ke cikewa su tuntuɓe ni, yaron da ya yi mini aikin ya ce sunansa Contact Form 7. Yanzu kullum da safe sai na tarar da saƙonni barkatai, na caca, na kirifto, na masu cewa za su ɗaga mini shafi a Google, wasu ma da rubutun Rashanci. Yaron ya saka abin nan na zaɓar hotuna, sharar ta ɗan ragu, amma wani dillalina a Kachia ya ce ya gwada sau uku ya kasa aiko saƙo. In rufe fom ɗin in koma WhatsApp kawai, ko akwai gyara?"

Alhaji, ranka ya daɗe, akwai gyara, kuma ba na ba ka shawarar rufe fom ɗin. Amma kafin mu shiga maganar shara, ina so mu tsaya a kan dillalin nan na Kachia, domin cikin duk abin da ka rubuto, labarinsa ne ya fi damuna. Shi ya san ka, yana da lambarka, shi ya sa da abin ya ƙi sai ya buga maka waya. Mai saye daga Indiya ko Dubai ko Maroko da ya zo neman kwantena guda ta busasshiyar citta, in ya gwada sau biyu ya kasa, ba zai kira ka ya yi ƙorafi ba. Zai koma ya buɗe shafin wani ɗan kasuwar, kai kuwa har abada ba za ka san ya taɓa tsayawa a ƙofarka ba. Saƙon shara ɗari, minti goma zai ɓata maka da safe. Mai saye ɗaya da aka kora yana iya zama cinikin shekara guda. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, kai ka fi ni sanin wahalar da ake sha wajen riƙe masu saye na waje. Don haka duk wata kariya da zan ambata, da tambaya ɗaya nake auna ta: shin mutumin kirki zai wuce ba tare da ya ma san akwai mai gadi a ƙofa ba?

Mafi yawan masu aiko maka da waɗannan saƙonni ba mutane ba ne. Manhajoji ne da ake kira bot, aikinsu dare da rana su bi shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya suna neman duk inda aka bar gurbin rubutu da maɓallin aikawa. Ba su san ka ba, ba su san citta ba, kuma ba wani abokin hamayyarka a kasuwa ne ya turo su ba. Na faɗi wannan ne saboda mutane da yawa a nan zarginsu yake fara sauka. Mai bot ɗin yana watsa saƙo iri ɗaya zuwa dubban shafuka, abin da yake kashewa bai taka kara ya karya ba, in mutum ɗaya cikin dubbai ya latsa mahaɗin da ke ciki, ya ci riba. Abin da nake so yaronka ya riƙe da kyau shi ne, yawancin bot ba sa buɗe shafi a burauza kamar yadda mutum ke yi. Sau ɗaya suke karanta tsarin fom ɗin, su gane adireshin da ake tura bayanan, daga nan sai su riƙa jefa saƙo kai tsaye cikin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta kan katanga. Saboda haka duk binciken da aka kafa a fuskar shafi kawai, in saba ba ta sake yin sa da kanta ba, ado ne.

Akwai kuma mutane na gaske da ake biya 'yan kuɗi kaɗan su zauna suna cike fom, ko suna warware wa bot gwajin hotuna. Su sai dai a rage su, ba a gama da su duka.

Kashi na uku ya fi haɗari ga ɗan kasuwa irinka, kuma bai yi kama da shara ba ko kaɗan. Saƙo ne cikin tsaftataccen Turanci, wai kamfani ne a Turai ko Asiya yana son tan kaza na citta, ga takardar oda a wani mahaɗi, ka shiga da imel ɗinka da kalmar sirri ka duba. Da ka shigar, akwatin imel ɗinka ya koma hannunsu. Ba sa gaggawa. Za su yi shiru suna karanta hirarka da masu saye na gaskiya har ranar da za a biya kuɗi, sai su tura takardar biya da lambar asusunsu a madadin taka. Babu matatar da zan saka maka da za ta kama wannan duka. Maganinsa doka ce a ofis: ba a shigar da kalmar sirri a kowane shafin da aka iso ta mahaɗin cikin saƙo, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, a kan kowane imel na kamfani, kuma ka sanar da masu sayenka tun farko cewa in suka ga an ce lambar asusu ta canza, su kira ka su ji daga bakinka.

Yanzu ga abin da za a yi yau ɗin nan, tun kafin a taɓa maganar hotuna: a duba ko fom ɗinka yana aika saƙo waje. A cikin Contact Form 7 akwai saƙo na biyu, a saiti an rubuta masa Mail 2. Masu gina shafi sukan kunna shi don duk wanda ya cike fom ya samu amsa nan take, "mun gode, mun karɓi saƙonka", tare da kwafin abin da ya rubuta. Niyyar mai kyau ce. Amma ka duba abin da ɗan damfara zai yi da ita. Zai rubuta adireshin wani bawan Allah a gurbin imel, ya zuba tallarsa a gurbin saƙo, ya latsa. Sabarka, da sunan kamfaninka, ita za ta kai wa mutumin nan tallar. Ya sa bot ya maimaita da adireshi dubu, ka zama kai ne mai raba shara a idon duniya.

Na taɓa karɓar gyaran shafin wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin gari da hakan ya faru da ita. Sun wayi gari kamfanin da ke ba su masaukin shafi ya dakatar da asusunsu, saƙonnin da suke tura wa iyayen yara kuma duk suna faɗawa akwatin shara. Toshe ramin bai kai awa ɗaya ba, amma wanke sunan ya ci makonni. Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa tun 1998, da ke riƙe da jerin adiresoshin da shara ke fitowa daga cikinsu, kamfanonin imel da yawa kuma suna duba irin wannan jeri kafin su karɓi saƙo. Shiga cikinsa ya fi fita sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa masaukin haɗaka kake, irin mai araha da yawancinmu muke saye, laifin zai shafi maƙwabtanka a sabar, nasu ma zai shafe ka. Don haka ko dai a kashe saƙo na biyun, ko a bar shi da rubutu tsayayye wanda ba ya ɗauko komai daga abin da baƙo ya rubuta. Har sunansa kada a ɗauko, don a gurbin suna ma suna cusa mahaɗi.

Tunda ana cikin saitin imel, a gyara wani kuskure da nake yawan tararwa. Layin From, wato wanda saƙon ya fito daga gare shi, dole ya zama adireshi na sunan shafinka. Adireshin baƙo a layin Reply-To ake sa shi, yadda in ka latsa amsa zai tafi wurinsa. In aka sa adireshin baƙo a From, sabarka tana ikirarin ita ce Gmail ko Yahoo ke nan, su kuma ba za su yarda ba. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aika masa saƙo ya kasance yana da aƙalla ɗaya daga cikin hatiman SPF ko DKIM, waɗanda ke shaida cewa saƙon daga inda ya ce ya fito, masu aika sama da 5,000 a rana kuma sai sun haɗa biyun da DMARC. Kai ba ka kai wannan adadi ba, amma ka sa a saita duka ukun. Sau da yawa mai shafi yana kukan shara ta yi yawa, alhali saƙonnin masu saye na gaskiya suna can cikin akwatin sharar Gmail saboda rashin hatimi, babu mai dubawa.

To, sai tare abin da ke shigowa. A wurina tarko ne farko. Ana ƙara wa fom ɗin wani gurbi da ido ba ya gani, an ture shi can wajen allo, amma yana nan a cikin rubutun shafin. Mutum zai cike suna da imel da saƙo ya wuce abinsa. Bot kuwa ba da ido yake aiki ba, duk gurbin da ya tarar sai ya zuba wani abu a ciki. Da saba ta ga rubutu a gurbin da bai kamata a gani ba, ta san ba hannun mutum ba ne. Ba ya cin data, ba ya tambayar kowa komai, ba ya buƙatar buɗe asusu a wani kamfani. Contact Form 7 ba ya zuwa da shi, sai an ƙara masa 'yar ƙaramar manhaja, kuma akwai su kyauta a rumbun WordPress. Wuri biyu ake yin tuntuɓe. Kada a ba gurbin suna irin na adireshi ko kamfani ko lambar waya, domin burauza irin Chrome tana cike wa mutum irin waɗannan gurabe da kanta, sai ta cike tarkon, a kama mai gaskiya. Sannan a tuna da makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo: a yi wa gurbin alamar da za ta sa manhajar ta tsallake shi.

Abokin tafiyar tarko shi ne agogo. Babu ɗan Adam da zai buɗe shafi, ya rubuta sunansa da imel da buƙatarsa cikin daƙiƙa biyu. Saba ta riƙe lokacin da aka buɗe fom, ta kwatanta da lokacin da aka aiko, in bai kai daƙiƙa uku ko huɗu ba ta ajiye saƙon gefe. Lokacin ya kasance saba ce ta buga masa hatimi, don kada bot ya ƙirƙiro nasa. A ɗaya ɓangaren kuma ina roƙon a yi sassauci. Wasu sukan sa fom ya mutu bayan minti goma ko sha biyar. Mutuminmu zai fara rubutu, a kira la'asar, ya ajiye waya ya tafi masallaci. Ko sabis ya ɗauke masa a hanyar Kachia sai ya kusa Kujama ya dawo. In ya latsa aikawa ya tarar an share duk abin da ya rubuta, ba zai sake ba.

Na uku, iyakance yawan saƙon da adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, zai iya aikowa cikin ɗan lokaci. Dabara ce mai kyau, amma a ƙasarmu tana da ƙaya. Kamfanonin waya irin su MTN da Airtel da Glo suna tara masu waya da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma adireshin yana sauyawa daga hannu zuwa hannu. In yaronka ya ga shara ta fito daga wani adireshi ya toshe shi har abada, gobe adireshin nan yana iya kasancewa a wayar dillalinka. A sa iyaka mai faɗi, kamar saƙo biyar cikin minti goma, toshewar kuma ta ɗan lokaci ce, ta buɗe da kanta. Haka nan in wani ya ce maka a toshe duk ƙasashen waje a huta, kada ka yarda. Mai shagon ɗinki a Kasuwar Barci zai iya tunanin haka, shi ma ba zan so masa ba saboda 'yan uwanmu da ke Saudiyya da Nijar da Ingila. Kai kuwa abincinka daga waje yake zuwa.

Sai matatar kalmomi, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, don a nan aka fi zaluntar masu rubutu da Hausa ba da sani ba. WordPress yana da jerin haramtattun kalmomi a sashen saitin tattaunawa, Contact Form 7 kuma yana aiki da wannan jeri. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne yana kama kalma ko da a cikin cikin wata kalmar take. Ka gaji da tallar caca, ka sa "bet" a jerin. Gobe mai saye ya rubuto yana neman "better price", ko ya ce a kawo kaya "between" wata kaza da wata kaza, saƙonsa ya tafi shara. A sa jimla cikakkiya da ta keɓanta da masu sharar, ko sunan shafin da suke tallatawa. Guntayen kalmomi a bar su. Ƙidayar mahaɗi ta fi aminci: mai neman citta da wuya ya sa fiye da ɗaya, na kamfaninsa. Saƙon da ya zo da uku ko huɗu a ajiye shi gefe.

Mafi muni shi ne dokar da wasu ke kwafowa daga intanet, wadda ke cewa duk saƙon da ke da harafin da ba na Turanci ba a jefar da shi. An yi ta ne don korar rubutun Rashanci da na Sinanci, amma ɗ da ƙ da ɓ ma ba na Turanci ba ne. Duk wanda ya rubuta Hausa daidai, da ƙugiyoyinta, an kore shi. Mai suna Ɗanjuma ko Ɗanladi ba zai iya rubuta sunansa ba. Balaraben da ya buɗe da sallama da rubutun Larabci ya tafi, mai Faransanci daga Yamai ko Kasabalanka ya tafi. Akwai kuma 'yar uwarta, dokar da ke hana alamar nan (') a gurbin suna wai don tsoron masu kutse cikin rumbun bayanai. Na ga fom ɗin da ya ƙi karɓar Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila, yana ce musu sunan da suka rubuta ba daidai ba ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutum ne ake gaya masa a garinsu cewa sunan da aka raɗa masa kuskure ne. Kariyar rumbun bayanai a yadda ake rubuta tambayar da ke shiga rumbun take, ba a yanke sunayen mutane ba. In Rashanci ne ke damunka kuma ba ka ciniki da su, a ware haruffansu kaɗai, su ma a ajiye su gefe maimakon a share. Gurbin lambar waya shi ma kada a ɗaure shi a kan lambobi 11 masu farawa da sifili. Mai +227 da mai +91 da mai +971 duk su samu shiga.

Yanzu gwajin hotunan da yaronka ya saka. Sunan irin wannan gwaji CAPTCHA, ya fito ne daga jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a farkon shekarun 2000, cikin masu aikin akwai Luis von Ahn, wanda ya ƙaddamar da wani nau'insa mai suna reCAPTCHA a 2007, Google ya saye shi a 2009. Da farko murɗaɗɗun haruffa ake ba mutum ya karanta. A 2014 Google da kansa ya bayyana cewa manhajarsa tana karanta mafi wuyar haruffan nan da daidaiton da ya haura kashi 99 cikin ɗari, a ƙarshen shekarar kuma aka fito da akwatin da ake latsawa a ce ni ba na'ura ba ce, wanda ke jefo hotuna in bai gamsu ba. A 2024 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich sun nuna manhajar gane hoto tana tsallake gwajin hotunan nan a duk gwajin da suka yi. Ma'ana, gwajin yana ƙara sauƙi ga na'ura, nauyinsa kuma yana nan a kan mutum. Ka dubi abin da ake tambaya: famfon kashe gobara na bakin titi, zanen tsallaka titi, motar makaranta mai ruwan ɗorawa. Kayan titunan Amurka ne. A ƙaramin allo, da rana tsaka, da sabis mai sanda ɗaya, hoto tara sai sun sauko, in an yi kuskure a sake wasu taran. Dillalinka bai gaza ba, an ba shi jarrabawar da ba tasa ba ce. Ga kuma masu Opera Mini, da suke da yawa a wajenmu saboda tsimin data: a yanayin tsimi mai tsanani, a sabar Opera ake sarrafa shafin kafin ya iso waya, irin waɗannan gwaje-gwaje kuma sau da yawa ba sa aiki daidai ta nan.

Shawarata a cire shi. Contact Form 7 kansa ya bar sigar hotuna tun ƙarshen 2018, ya koma siga ta 3 ta reCAPTCHA, don haka wata manhaja daban yaronka ya ƙara kafin ya samu hotunan. Siga ta 3 ba ta tambayar komai, maki take ba baƙo daga 0.0 zuwa 1.0, a bisa al'ada ana ƙin wanda bai kai 0.5 ba. Matsalarta ita ce shiru take yanke hukunci, mai shigowa ta adireshin da ake rabawa ko ta VPN, manhajar da ke ɓoye ainihin adireshin mutum, yana iya samun ƙaramin maki ba da laifinsa ba. Ni na fi karkata ga Turnstile na kamfanin Cloudflare, wanda ya fito a 2022. Kyauta ne, ba ya nuna hotuna, galibi shi kaɗai yake gama bincikensa, in ya yi yawa ya ce a latsa akwati ɗaya, kuma ba sai shafinka yana ƙarƙashin Cloudflare ba. Sababbin sigogin Contact Form 7 suna da wurin saka shi kai tsaye. Ko wanne aka zaɓa, tikitin shaidar wucewa da yake ba baƙo dole saba ta kai shi wurin kamfanin a tantance kafin ta karɓi saƙo. Na reCAPTCHA minti biyu yake yi, na Turnstile minti biyar, kowanne sau ɗaya ake amfani da shi. Amma ka fara da tarko da agogo, ka ba su mako biyu. A shafuka masu girman naka sau da yawa su kaɗai sun isa, sai in shara ta ci gaba da tsallakowa a ƙara Turnstile.

Ga waɗanda mutane ne ke rubuto su da hannu, masu tallar ɗaga shafi da gina manhaja, Akismet ne ya fi kama su. Na kamfanin Automattic ne, yana aiki tun 2005, yana kwatanta saƙon da abin da ya gani a ɗimbin shafuka. Shafin kasuwanci biya yake yi, kuma ka san cewa abin da baƙo ya rubuta yana zuwa sabarsu a duba.

Ka lura tun ɗazu ina ta cewa a ajiye gefe, ban ce a share ba. Da gangan ne. Babu matatar da ba ta kuskure, kuma kuskuren da ba ka gani ba, ba za ka gyara shi ba. Contact Form 7 ba ya adana saƙo, imel kawai yake turawa, in ya ɓace a hanya ya ɓace ke nan. Wanda ya rubuta shi, Takayuki Miyoshi ɗan ƙasar Japan, ya yi masa abokiyar aiki mai suna Flamingo, kyauta, wadda ke adana kowane saƙo a cikin shafin, har da waɗanda aka yi wa hukuncin shara, tare da dalilin hukuncin. A saka ta. Ka ɗora wa mutum ɗaya a ofis alhakin buɗe kwandon sharar nan sau biyu a mako, ya bi sunaye da ido. Minti biyar ne. In ya tarar da mai saye a ciki, a amsa masa, sannan a duba wace doka ce ta kama shi a sassauta ta. Saƙon da fom ke nuna wa wanda aka ƙi shi ma a gyara shi. Kada ya tsaya a "an samu matsala". A rubuta da Turanci da Hausa cewa saƙon bai tafi ba, ga lambar WhatsApp, ga imel. Nan ne amfanin WhatsApp ɗin da ka ambata: ƙofa ta biyu ce a gefen fom. Shi kaɗai ba zai wadatar ba, domin manyan kamfanonin waje sun fi son magana ta imel, inda za su ajiye tarihin ciniki a rubuce.

Adana saƙonni yana zuwa da amana. Sunaye da lambobi da adiresoshin mutane ne a hannunka, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta hau kan duk mai tattara irin waɗannan, hukumar NDPC ce ke kula da ita. Kada fom ya tambayi abin da ba ka buƙata. A rubuta layi biyu a ƙarƙashinsa da ke faɗin abin da za a yi da bayanan, da cewa wani kamfani na taya tantancewa in ana amfani da Akismet ko Turnstile. Tsofaffin saƙonni kuma a riƙa share su lokaci zuwa lokaci, musamman na kwandon shara.

In fom ɗinka yana da gurbin maƙala fayil, a cire shi. Mai saye na gaskiya zai turo takardunsa bayan kun fara magana. A watan Disambar 2020 an gano wata ɓaraka a Contact Form 7 da ke ba da damar ɗora mugun fayil ta wannan gurbi, aka toshe ta a siga 5.3.2, amma shafin da ba a sabunta ba yana nan da ita har yau. Ka tambayi yaronka yaushe rabon da ya sabunta WordPress da manhajojin da ke kai. Ka kuma tambaye shi, cikin lalama, ko akwai manhajar kuɗi da ya samo kyauta a wani zauren Telegram. Yaranmu da yawa suna yin haka don rage wa mai aiki kuɗi, ba da mugun nufi ba, amma irin waɗannan sukan zo da ɓoyayyar ƙofa a ciki, kuma in ɓarawo yana cikin ɗaki, duk tarkon da muka kafa a zaure bai da amfani.

Bayan an gama gyaran, kada yaron ya gwada a kwamfutarsa kawai ya ce komai lafiya. Ka kira dillalin nan na Kachia, ka roƙe shi ya sake gwadawa da wayar da ta ƙi a baya, daga inda yake, ya rubuta sunansa da saƙonsa da Hausa mai ƙugiya. A sa wani ya gwada da Opera Mini, wani da layin kamfanin waya daban. In kana da abokin ciniki a Dubai ko Indiya da kuka saba, shi ma ya aiko ɗaya. Kowane saƙo a bi shi har a gan shi a akwatin imel ɗinka, a latsa amsa a tabbatar ta koma ga mai shi. A maimaita wannan gwaji duk lokacin da aka sabunta shafin ko aka sauya kamfanin masauki.